Ina za a kwana da motar RV a doguwar tafiya a Amurka: fakin na kyauta, sansanin kuɗi ko daji?

La'asar sakaliya, rana ta fara ja, yara sun gaji da zama sun fara tsokanar juna a baya, uwargida ta juyo ta ce "Baban yara, wai yau ina za mu kwana ne?" kai kuma kana riƙe da sitiyari tun safe ba ka da amsa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar iyalinsa a motar RV ya yi nisa ya san wannan lokacin. Ni na sha shi a hanyar Dalas zuwa Arizona, kuma tunda 'yan uwa da yawa da ke nan Amurka suna ta tambayata yadda ake yi, musamman masu son su yi hayar motar nan lokacin hutun makarantar yara, bari in zayyana wuraren kwanan ɗaya bayan ɗaya yadda na gan su, da wanda nake ganin ya fi dacewa da mai iyali.

Ga wanda bai san ta ba, RV mota ce mai ɗaki a jikinta, da gadaje da kicin da firij da banɗaki da wurin wanka, gida ne dai a kan taya. Wadda muke ɗauka haya irin wadda ake kira Class C ce, mai gado a saman kan direba, tsawonta kamar ƙafa 25 zuwa 30. Mutane suna ɗauka tunda gidanka na tare da kai ai duk inda dare ya yi maka sai ka faka ka kwanta. Wallahi ba haka abin yake ba. Kowace jiha da dokarta, kowane gari da tasa, kuma ita kanta motar tana da buƙatu uku da su ne suke yanke maka inda za ka kwana tun kafin aljihunka ya sa baki: wuta, ruwa, da inda za ka zubar da ƙazanta.

Maganar ruwan nan ita ce nake so in fara da ita saboda mu ta fi shafa. Motar tana da tanki uku, na ruwa mai tsafta wanda a irin tamu yake ɗaukar kusan galan 40, sai na ruwan wanke-wanke da wanka, sai na bayan gida. Ba'amurke zai ce maka tankunan nan suna kai shi kwana huɗu ko biyar, to shi da takarda yake tsarki kuma ba ya alwala. Mu mutum biyar, kowa da buta, alwala sau biyar a rana ko da an haɗa salloli an yi ƙasaru, ga wanke tukunya ga wankan yara, kwana biyu cikakku tankin ruwan wanke-wanke ya cika, na ruwan sha kuma ya kusa ƙarewa. Saboda haka duk lissafin da ka karanta a intanet na kwana nawa za ka iya yi ba tare da ka jona ruwa ba, ka raba shi biyu. Dabarar da muka koya daga baya ita ce yin alwala a waje da buta idan wurin ya ba da dama, hakan kaɗai yana ƙara mana kusan yini guda.

Wuta kuma maganar AC ce kawai. Fitilu da fanfo da cajin waya batir zai riƙe su har safe, firij da yawa suna aiki da gas, amma AC sai dai janareta ko ka jona da wutar sansani. Janaretan motar daga tankin man motar yake sha, kamar rabin galan a awa, kuma da yawansu suna kashe kansu idan mai ya sauka zuwa kwata don kada ka wayi gari ba ka da man tafiya. Kamfanonin haya da dama kuma awa-awa suke cajin kuɗin janareta. Ka riƙe wannan a ranka, domin shi ne zai nuna maka cewa kwanan da ake ce wa na kyauta a watan Yuli yana iya cin kuɗin da ya kusa na sansani.

To bari mu fara da na kyautar tunda shi kowa yake tambaya. Walmart, kamfanin manyan shagunan cefane masu faffaɗan filin fakin, shi ne ya yi suna a wannan harka. Tsarinsu shi ne manajan kowane shago shi yake da wuƙa da nama, ya duba ko akwai fili kuma ko dokar garin ta yarda, don haka shago biyu a gari ɗaya ma za ka iya samun ɗaya ya yarda ɗaya ya hana. Garuruwan da 'yan yawon buɗe ido suka yi yawa da manyan birane su ne suka fi hanawa, sau da yawa ma ba shagon ba ne, ƙaramar hukumar garin ce ta kafa doka. Abin da ya dace ka kira tun da rana ka nemi manaja ka tambaya, ka ji sunansa ka rubuta. Idan an yarda ka je can ƙarshen filin ka faka, kada ka buɗe rumfa, kada ka fito da kujeru, kada ka hura gawayi, ka shiga ka yi cefane, da safe ka kama gabanka. Cracker Barrel ma suna da dogayen wuraren fakin a bayan gidajen abincinsu da yawa kuma galibi sun fi Walmart shiru, al'adar ita ce ka ci abinci a wurin, sai dai karin kumallonsu naman alade ya yi yawa a ciki, mu dai fanke da ƙwai muke tsayawa a kai kuma sai mun tambayi yadda aka soya. Cabela's da Bass Pro Shops, shagunan kayan farauta da kamun kifi, su ma wasu rassansu suna bari.

Na taɓa yin kuskuren rashin tambaya sau ɗaya. Wani babban shago ne a wani gari da muka isa wajen ƙarfe goma na dare, na ga RV biyu a fake na ce ai shi ke nan. Ƙarfe biyu da wani abu aka buga ƙofa da ƙarfi, tocila a fuskar gilashi, mai gadi ne ya ce an hana kwana a nan sai mu tashi. Bai yi mana rashin mutunci ba, aikinsa yake yi, amma autarmu ta farka a firgice tana ihu, uwargida na laluben hijabi a cikin duhu, ni kuma na hau titi ido na yaji da barci na yi kusan mil 40 kafin na samu wurin tsayawa. Tuƙin daren nan shi ne abu mafi haɗari da na yi a duk tafiyar, kuma a kan abin da bai wuce dala 40 ba na yi shi. Tun daga ranar ban sake kwana inda ban ji "eh" daga bakin mai wurin ba.

Ko an yarda ma, ka san abin da za ka tarar. Kwalta tana shan rana yini guda ta riƙa sako zafin da dare, fitilun filin kamar rana, motar shara tana zagaye, matasa na shigowa da kiɗa. A watan Oktoba ko Maris wannan ba komai ba ne, ka rufe labule ka yi barcinka. A watan Yuli a kudancin Arizona kuwa kada ma ka fara. A 2023 birnin Phoenix ya yi kwana 31 a jere zafi yana kai digiri 43 ko ya wuce, kuma dare ba ya sanyi a can, motar tana zama kamar tanda, sai janareta ya kwana yana aiki, idan ya mutu cikin dare da ƙananan yara a ciki abin ya wuce rashin jin daɗi ya koma haɗari. Kuma duk lokacin da janareta ke aiki ka tabbata na'urar gano hayaƙin nan mai kisa, wanda ba ya wari, tana aiki, kada kuma ka faka dab da wata motar da nata janaretan ke hura maka hayaƙi ta taga.

Sai wuraren hutawa na gefen babbar hanya, waɗanda gwamnatin jiha ke ginawa. Nan dokar a rubuce take a allo kuma ta sha bamban sosai. Teksas tana barinka har awa 24, kuma sababbin wuraren hutawarta a kan manyan hanyoyin I-10 da I-40 suna da tsafta da haske. Kalifoniya awa 8 ne, Filorida awa 3 kacal. A Ohio Turnpike, babbar hanyar kuɗi ta jihar Ohio, akwai wasu tashoshi da aka ware wa RV fili har da wutar jonawa a kan ɗan kuɗi kaɗan. Ni a wurina wurin hutawa na ɗan runtsawa ne idan barci ya kama ka, ko sallar azahar da la'asar da cin abinci, akwai tebura da ciyawa da fanfo. Kwana da iyali a can, musamman ƙananan da ba kowa sai kai da tirela biyu, raina bai taɓa kwanciya da shi ba.

Gidajen man manyan motoci irin su Love's da Pilot Flying J da TA sun fi wannan kwanciyar hankali saboda a buɗe suke dare da rana, akwai mutane, akwai abinci, akwai wurin wanka na kuɗi mai tsafta, wasu akwai ramin zubar da ƙazantar tanki da wurin cika gas, kuma Love's sun fara gina wuraren RV masu wuta da ruwa a wasu rassansu da kake biya ta waya. Amma ina roƙo, kada ka shiga layin tireloli ka tare musu wuri. 'Yan uwanmu Hausawa da 'yan Gana da 'yan Nijar da yawa suna wannan sana'a a nan, ka tambaye su su gaya maka. Doka ta ce direban tirela ba zai wuce awa 11 yana tuƙi ba, sannan dole ya huta awa 10, kuma na'ura ce ke ƙirga masa, idan lokacinsa ya cika bai samu fakin ba shi ne a cikin matsala. Kai yawon shaƙatawa ka fito, shi abincin 'ya'yansa yake nema. Ka faka a gefen ƙananan motoci ko inda aka ware wa RV. Kuma ka shirya wa ƙara, tirelolin da ke ɗauke da kayan sanyi injin firijinsu yana tashi yana mutuwa har asuba.

Yanzu na kuɗi. Sansanonin 'yan kasuwa, wanda kamfanin KOA ya fi kowa suna a cikinsu, tun 1962 suka fara a Billings ta jihar Montana kuma yanzu suna da rassa sama da 500 a Amurka da Kanada. Abin da kake saya a nan shi ne rashin fargaba. Ka yi bukin ta waya kana kan hanya, ko ka iso da dare za ka tarar da ambulan da sunanka da taswirar wurin a manne a ƙofar ofis, ka shiga filinka, ka jona wuta da ruwa da bututun ƙazanta duka a wuri ɗaya, abin da suke kira full hookup. Akwai injin wanki, wurin wanka, sau da yawa da wurin ninƙaya da filin wasan yara. KOA sun kasa nasu gida uku, Journey su ne na bakin hanya don kwana ɗaya, Holiday na 'yan kwanaki, Resort kuma na masu son a ji da su. Kuɗin kwana a irin waɗannan wurare yakan kama daga dala 45 zuwa 80, kusa da wuraren da suka yi suna a lokacin hutu ya haura 100, wasu ma suna ƙara kuɗi a kan kowane mutum bayan biyun farko, mai 'ya'ya uku ya karanta wannan da kyau kafin ya biya.

Abu biyu ka duba wajen bukin. Na farko ƙarfin wutar, ko amp 30 ko amp 50, galibin Class C na haya 30 ne, wato kusan wat 3,600, idan AC na aiki uwargida ta kunna makirowef ga ketil a jone wuta za ta ɗauke. Na biyu ka nemi filin da ake shiga ta gaba a fita ta gaba, suna ce masa pull-through, domin ribas da mota mai ƙafa 30 cikin duhu tsakanin bishiya da motar maƙwabci abu ne da ke haɗa miji da mata faɗa. Kuma ko da bututun ƙazanta yana jone kada ka bar bawul ɗin tankin bayan gida a buɗe, ruwan zai tsiyaye ya bar daskararren a ciki. Ka bari ya taru, ka fara zubar da shi, sannan ka saki ruwan wanke-wanke ya ɗauraye bututun. Safar hannu dole ce, kuma tiyon ruwan sha daban, kada ya taɓa haɗuwa da na wanke tanki, mu da muke kula da najasa ma ba sai an gaya mana ba.

Inda sansanin 'yan kasuwa ya gaza shi ne wurin kansa. Da yawansu fili ne na tsakuwa a bakin babbar hanya ko kusa da layin dogo, motoci a jere kamar tasha, ka buɗe ƙofarka ka ga tagar maƙwabci, ka shimfiɗa darduma a waje bututun ƙazantarsa na gefenka. Ga mace mai hijabi wannan takura ce ta gaske, uwargida takan wuni a cikin mota labule a sauke, to ina amfanin fitowa? Akwai kuma ƙananan sansanoni masu arha da rabinsu mazauna dindindin ne, wasu lafiya lau, wasu kuma kana shiga za ka ji jikinka bai ba ka ba. Ka karanta abin da mutane suka rubuta kwanan nan a shafukan intanet irin su Campendium ko RV Life ko The Dyrt, ka kalli hotunan da matafiya suka ɗauka da kansu. Katin rangwame irin na Good Sam mai rage kashi 10 ko Passport America mai rage rabi a wasu ranaku yana da amfani ga mai motar kansa da ke yawan fita, mai hayar sati biyu a shekara kuwa da wuya ya mai da kuɗinsa.

Wanda na fi so, kuma shi nake ba kowane mai iyali shawara, shi ne sansanin gwamnati, wato gandun shaƙatawa na jihohi da kuma na rundunar injiniyoyin sojan Amurka da ke bakin madatsun ruwa. Mutane da yawa ba su ma san da na biyun ba. Su ne suka gina dam-dam da yawa a ƙasar nan kuma suke kula da sansanonin da ke gefensu, ana bukin ɗinsu a shafin gwamnati na Recreation.gov, galibi akwai wuta da ruwa a kowane fili, kuɗin kuma bai cika wuce dala 20 zuwa 40 ba. Kusa da Dalas akwai Hickory Creek a bakin tafkin Lewisville, a Niyu Meksiko akwai tafkin Cochiti tsakanin Albuquerque da Santa Fe. Na jihohi kuma a kan hanyarmu akwai Palo Duro kusa da Amarillo, da Santa Rosa Lake, da Homolovi kusa da Winslow, duk ba su da nisa da I-40.

Palo Duro ɗin nan ba zan manta da shi ba. Kana tafe a shimfiɗaɗɗen fili ba tudu ba kwari, kwatsam sai ƙasa ta tsage, titi ya gangara da kai cikin wani kwazazzabo mai jan dutse, shi ne na biyu a girma a Amurka bayan Grand Canyon. Ka sa ƙaramin giya wajen sauka kada ka ƙona birki. Filinmu akwai rumfa da tebur da wurin hura wuta, maƙwabci yana can nesa bishiyoyi sun raba mu. Uwargida ta fito da tukunya ta ɗora dafa-duka a waje, yara suna bin wasu talo-talon daji da suka ratso ta sansanin, da magariba na ja su sallah a kan darduma a ƙasa ba wanda ya kalle mu, da asuba kuma duwatsun nan suka fara ja tun rana ba ta fito ba, babban ɗana ya zauna shiru yana kallo ko waya bai nema ba. A ranar ta ce min, "Baban yara, irin wannan wurin za ka riƙa nema mana." Ƙasan kwazazzabon yana da zafi sosai da bazara, amma da yake akwai wuta AC ya yi aikinsa.

Su ma suna da nasu. Bututun ƙazanta a kowane fili ba kasafai ake samu ba, sai dai rami guda a bakin fita da za ka bi layi da safe. Teksas tana karɓar kuɗin shiga na kowane mutum mai shekara 13 zuwa sama ban da kuɗin kwana. Wasu suna kulle get da dare, idan za ka makara ka kira su ba ka lambar buɗewa. Netwok yakan yi rauni. Babbar matsalar dai ita ce cika, a Teksas ana buɗe bukin wata biyar kafin ranar, a Recreation.gov galibi wata shida, kuma Juma'a da Asabar suna ƙarewa da wuri. Daga Lahadi zuwa Alhamis kuwa sau da yawa za ka samu ko da kwana biyu ya rage, shi ya sa nake tsara tafiya ta yadda ƙarshen mako zai same ni a wurin da na riga na kama tun da daɗewa.

Manyan gandayen ƙasa irin su Grand Canyon da Yellowstone lissafinsu daban ne. Kwana a ciki yana cece ka daga layin shiga na safe, amma galibin sansanoninsu ba wuta ba ruwa a fili, janareta ma sai a awannin da aka ƙayyade. A Grand Canyon, sansanin Mather ba jonin komai kuma motarka kada ta wuce ƙafa 30, Trailer Village ne mai wuta da ruwa da bututu. A Yellowstone, sansanin Fishing Bridge ne kaɗai mai cikakken joni, kuma ba a yarda da tanti ko mota mai bangon tamfol a can ba saboda beyar daji. Abin da ya taimake mu a Mather shi ne tudu, bakin Grand Canyon na kudu yana kusan ƙafa 7,000 sama da teku, dare yana yin sanyi ko a Yuli, da bargo muka kwana. Wannan ma wata dabara ce ta zaɓen wurin kwana a yammacin Amurka, ka duba tsayin wurin a taswira, Flagstaff da Phoenix tafiyar awa biyu da ɗoriya ce amma kamar ƙasa biyu ne wajen zafi. Katin shekara na shiga gandayen ƙasa, wanda ake kira America the Beautiful, kuɗin shiga kawai yake ɗauke maka, na kwana sai ka biya.

Sai daji, abin da suke kira boondocking. Hukumar BLM, mai kula da filayen gwamnatin tarayya, tana riƙe da fili kusan eka miliyan 245, kusan duka a jihohin yamma, kuma a mafi yawansa za ka iya kwana kyauta har kwana 14 a cikin 28 sannan ka matsa. Dazuzzukan gwamnatin tarayya ma haka, kamar Kaibab da ke dab da ƙofar Grand Canyon ta wajen Tusayan, da Coconino da ya kewaye Flagstaff, suna da taswirar da ke nuna hanyoyin da aka yarda mota ta bi. Da hunturu dubban masu RV suna taruwa a Quartzsite ta Arizona, inda ake da filayen dogon zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu da izini na kuɗi. Kyau kam babu kamar dajin, taurari kamar ka miƙa hannu ka tsinko, shiru, mace ta sake yadda take so. Amma ba ruwa, ba bola, ba mai gadi, wani lokaci ba netwok. Hanyoyin burji ne, daga Yuli zuwa Satumba kuma damina ce a Arizona, ruwan awa ɗaya ya isa ya mai da hanya taɓo, kada ka kuskura ka faka a busasshen rafi don ambaliya tana zuwa daga inda ba ka ga hadari ba. Da rani akan hana hura wuta kwata-kwata. Sannan ka karanta takardar hayarka, kamfanoni da yawa sun hana sauka daga kwalta, idan ka maƙale kuɗin janwe a wuyanka yake. Mun gwada dare ɗaya a Kaibab, mun isa da rana tsaka, na sauka na taka hanyar da ƙafa kafin na shigar da mota, na zaɓi inda muna hango wasu motoci biyu daga nesa. Ya yi daɗi ƙwarai, amma ba zan ce wa wanda tafiyarsa ta farko ke nan da ƙananan yara ya fara da shi ba.

Akwai kuma Harvest Hosts, kana biyan kuɗin shekara sai gonaki da gidajen tarihi da makamantansu su bar ka ka kwana dare ɗaya a filinsu, kai kuma ka sayi wani abu a wurinsu, kuma dole motarka ta kasance da banɗakinta. Kaso mai yawa na masu masaukin wuraren yin giya ne, don haka mu sai mun tace, mu zaɓi gonar zuma ko ta awaki ko ta 'ya'yan itace. A 2021 suka sayi Boondockers Welcome, inda mutane ke ba ka fili a ƙofar gidansu. Ga mai motar kansa abu ne mai kyau, yara suna son gona.

To wanne za ka ɗauka? Ni kafin in zaɓa nakan tambayi kaina ko daren nan na wucewa ne ko na zama, sannan ko za mu iya barci ba AC, sannan yaya tankuna suke. Idan na wucewa ne, gari da sanyi, tanki da sauran wuri, Cracker Barrel ko Walmart da aka kira aka yarda ya wadatar, dare ɗaya tak, ba na jera biyu. Idan na wucewa ne amma ana zafi, in biya KOA Journey ko filin Love's mai wuta, domin abin da janareta zai sha da kuɗin awanninsa ya kusa haka, ga barci mai daɗi a sama. Idan na zama ne, gandun jiha ko na injiniyoyin soja, kwana biyu ko uku. Duk kwana na uku ko na huɗu kuma nakan saka sansani mai cikakken joni da injin wanki, a zubar da tanki a wanke kaya kowa ya yi wanka son ransa. Tsofaffin 'yan harkar suna da wata ƙa'ida ta uku-uku-uku, kada ka wuce mil 300 a rana, ka isa kafin ƙarfe 3, ka yi kwana 3. Ta ukun tana yi wa mai hutun sati biyu wuya, amma biyun farko ina ƙoƙarin riƙe su, ko da yake zango biyu a hanyarmu sun ɗan haura mil 300, Dalas zuwa Amarillo kusan mil 360, Amarillo zuwa Albuquerque kusan 290, daga nan zuwa Flagstaff kusan 320.

Da zarar mun tsaya sallar azahar nake zama in buɗe waya in tabbatar da wurin kwana, in kuma rubuta na biyu da bai wuce tafiyar rabin awa daga na farkon ba, da lambar wayarsu a takarda saboda inda netwok zai ɗauke. Idan ƙarfe huɗu ta yi ban samu wanda ya amsa min ba, sansanin kuɗi mafi kusa nake kira in biya ko nawa ne.